Shafa da naɗin bandeji ga karen da ciwo ya daɗe a jikinsa

"Assalamu alaikum, likita. Ina da kare namiji, babba, shekararsa 11. Shekara biyu ke nan yana fama da ciwon gaɓoɓi a ƙugu da ƙafafun baya, kuma wata huɗu da suka wuce gwajin jini ya nuna ƙodarsa ta fara rauni. Da dare ba ya samun barci, sai ya tashi yana zagaye yana haki, ya kwanta, ya sake tashi. Na ga ana shafa irin waɗannan karnuka a hankali, ana kuma naɗa musu bandeji a jiki, wai hakan yana kwantar musu da hankali. Shin da gaske ne? Yaya ake yi, kuma ba zan cutar da shi ba?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Sannu da jinya, Allah ya ba shi sauƙi. Idan na fahimce ki, abin da ya hana ki sukuni shi ne daren da yake kwana a tsaye, kuma kina neman abin da za ki yi masa da hannunki tsakanin wannan zuwa asibiti da na gaba. Amsata a taƙaice ita ce shafa tana da amfani na gaske, naɗin bandeji kuma yana taimakon wasu karnuka, wasu kuma ba ya yi musu komai, amma dukansu biyu ba sa rage lalacewar gaɓa, ba sa kuma gyara ƙoda. Aikinsu sauƙaƙa wa kare zama da ciwon, kuma ba sa yin wannan aikin sai an riga an rage raɗaɗin da magani. Ban ga karenki ba, ban kuma ga sakamakon gwajinsa ba, don haka duk abin da zan faɗa ki haɗa shi da shawarar likitan da yake duba shi.

Abin da ke tayar da shi da dare

Kafin a yi maganar bandeji, sai an tambayi dalilin hakin da zagayen, domin tsohon kare mai waɗannan cututtuka biyu yana da dalilai da dama na ƙin kwanciya, kuma kowanne da maganinsa. Na farko kuma mafi yawa shi ne raɗaɗi. Gaɓar da guringuntsinta ya cinye tana sagewa idan aka daɗe ba a motsa ta ba, shi ya sa kare yake kwanciya na ɗan lokaci, sai tsamin ya tashe shi, ya zaga, ya nemi wani gefen. Karnuka da yawa ba sa kuka saboda ciwon da ya daɗe, sai dai su nuna shi ta haki ba tare da zafi ko gudu ba, da jinkiri wajen miƙewa, da lasar gaɓa guda ba ƙaƙƙautawa, da ƙin a taɓa musu baya.

Ƙoda ma tana da nata rabon. Idan ta kasa tace jini yadda ya kamata, dattin da ya taru yana kawo tashin zuciya, sai ki ga kare yana lasar baki, yana haɗiyar miyau, ya je wurin abinci ya shinshina ya juya. Tana kuma sa yawan fitsari da ƙishirwa, don haka wani zagayen neman ƙofa ne ko neman ruwa, kuma sau da yawa takan zo da hawan jini. Bayan waɗannan akwai ruɗewar tsufa, wadda take juya wa kare dare ya zama rana, har ya tsaya a lungu yana kallon bango, sannan akwai ciwon zuciya, wanda yake sa kare ya ƙi kwanciya a gefensa saboda numfashi yana yi masa wuya. Wannan na ƙarshe shi ne ya fi muhimmanci a tabbatar babu shi kafin a naɗa wani abu a ƙirji.

Karenki yana cikin tsaka mai wuya ta fuskar magani, domin magungunan da aka fi ba karnuka don ciwon gaɓoɓi, irin su meloxicam da carprofen, suna iya rage jinin da ke ratsa ƙoda, don haka likita yakan yi taka-tsantsan da su ko ya janye su idan ƙoda ta raunana. Na sha ganin an janye maganin ba a maye gurbinsa da komai ba, kare ya koma cikin raɗaɗi, mai shi kuma ya ɗauka tsufa ne kawai. Akwai wasu hanyoyin da za ki tambayi likitanku a kansu, kamar maganin rage raɗaɗi na gabapentin, wanda ake daidaita adadinsa da ƙarfin ƙoda, da allurar ciwon gaɓoɓi ta bedinvetmab da ake yi wata-wata, wadda aka amince da ita a Tarayyar Turai a 2020, a Amurka kuma a 2023. Abin da nake roƙonki shi ne kada ki ba shi maganin ciwon jiki na mutane. Ibuprofen da diclofenac suna iya jawo wa kare gyambon ciki su kuma ƙarasa ƙodar da ta rage, kuma man shafawa na diclofenac ma haɗari ne, tunda kare zai lashe duk abin da aka shafa masa.

Inda hanyar ta samo asali, da abin da bincike ya nuna

Shafar da kika gani da naɗin bandejin, galibinsu sun fito ne daga hanyar da ake kira Tellington TTouch, wadda Linda Tellington-Jones, 'yar Kanada mai horar da dawaki, ta ƙirƙiro. A 1975 ta fara karatu a wurin Moshe Feldenkrais, wanda yake koyar da mutane gyara motsin jikinsu ta hanyar motsi ƙanana a hankali, sai ta gwada tunanin a kan dawaki, daga baya a 1983 ta fito da shafar da'ira da aka san hanyar da ita, aka kuma faɗaɗa ta zuwa karnuka da kyanwoyi. A wani ɓangaren kuma akwai Temple Grandin, farfesar kimiyyar dabbobi a Jami'ar Jihar Colorado, wadda ta lura cewa shanu suna natsuwa idan aka matse su a cikin maƙalin da ake riƙe su don yi musu allura, har ta ƙera wa kanta na'urar matse jiki tana budurwa. Daga irin wannan tunani ne rigunan matse jiki na karnuka suka fito, irin su ThunderShirt. Ya kamata a bambanta biyun, domin rigar ana ɗaure ta ta kama jiki, shi kuwa bandejin TTouch ana ɗora shi ne sakwa-sakwa, don kare ya riƙa jin iyakar jikinsa yayin da yake motsi.

Hujjar da ke bayan shafa ta fi ta bandeji ƙarfi. Tun 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka bayyana cewa saƙon taɓawa da saƙon raɗaɗi suna haɗuwa a cikin laka kafin su hau ƙwaƙwalwa, kuma na taɓawa yana iya rage yawan na raɗaɗi da ke wucewa, wanda shi ne dalilin da mutum yake murza gwiwarsa idan ya buge. Akwai kuma wasu siraran jijiyoyi a fata mai gashi waɗanda shafa a hankali ce take tayar da su. Yngve Zotterman ya fara gano su a jikin kyanwa a 1939, sannan wani bincike da aka yi kan mutane a Suwidin a 2009 ya nuna sun fi amsawa idan hannu yana tafiya tsakanin santimita 1 zuwa 10 a daƙiƙa. Wannan adadi ya fi duk wata dabara da zan koya miki amfani, domin abu ne mai sauƙi mutum ya riƙa shafa kare da sauri fiye da haka. A 2003 kuma Odendaal da Meintjes a Afirka ta Kudu sun auna jinin mutane da na karnuka bayan zama tare cikin natsuwa ana shafa, suka tarar sinadarin oksitosin da na endofin, masu alaƙa da natsuwa da rage raɗaɗi, sun ƙaru a jikin duka biyun.

Game da matse jiki, binciken da aka fi ambata shi ne na 2014, wanda Grandin tana cikin waɗanda suka yi shi. An raba karnuka 90 masu matsalar fargaba gida uku, wasu da riga a ɗaure, wasu da riga sakwa-sakwa, wasu babu riga, aka bar kowanne shi kaɗai na minti 15, sai bugun zuciyar masu rigar a ɗaure bai hau kamar na sauran ba. Sakamako ne mai kyau amma ƙarami, kuma karnukan masu fargaba ne, ba masu ciwon gaɓa ko ƙoda ba. Saboda haka idan wani ya ce miki bandeji yana warkar da ciwo, ya zarce abin da aka tabbatar. Akwai wani binciken da nake yawan tuna wa kaina, na Conzemius da Evans a 2012, inda aka ba karnuka masu ɗingishi maganin bogi, wato wanda babu sinadarin magani a cikinsa, amma masu su suka riƙa cewa sun ga sauƙi kusan kashi 40 cikin 100 na lokutan da aka tambaye su, alhali na'urar auna nauyin taku ba ta nuna canji a yawancinsu ba. Likitocin da suka duba karnukan ma sun ruɗu kamar haka, har sun ɗan ɗara. Ido yana ganin abin da zuciya take so, mu da muke sanye da farar riga ma ba mu tsira ba.

Hannu kafin bandeji

Ki fara da hannu kaɗai na tsawon mako guda ko biyu. Ki zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, bayan ya yi fitsari, kuma an ba shi maganinsa da kamar awa ɗaya ko biyu, ki zauna a ƙasa a gefensa kina fuskantar inda yake fuskanta, domin tsayawa a kan kare ko sunkuyo masa ta gaba yana tayar masa da hankali, balle wanda ya san ba zai iya tashi da sauri ya kauce ba. Idan jinsa ko ganinsa ya ragu, ki bari ya san da zuwanki kafin hannunki ya sauka a kansa. Kada ki fara da ƙugun da yake ciwo. Ki fara da kafaɗa ko gefen ƙirji, ki ɗora bayan hannunki, wanda ya fi tafi sauƙin karɓa ga kare mai ɗari-ɗari, ki bar shi a wurin ba motsi har ki ja numfashi uku ko huɗu.

Daga nan sai shafa doguwa, daga wuya zuwa kafaɗa, daga kafaɗa zuwa haƙarƙari, bisa kwanciyar gashi, a gefen ƙashin baya ba a kansa ba. Bayan kamar daƙiƙa biyar ki ɗauke hannunki ki jira. Wannan tsayawar ita ce tambayar da kike yi masa, kuma amsarsa ce za ta ja ragamar zaman gaba ɗaya. Idan ya matso, ko ya turo hannunki da hanci, ko ya saki ajiyar zuciya ya kwantar da kai, ki ci gaba. Idan ya kau da kai, ya yi hamma, ya lashi hanci, ya rufe baki gam bayan yana haki, ya sandare, ko farin idonsa ya bayyana yana kallon hannunki ta gefe, to ya ce a'a, sai ki koma inda ya karɓa ɗazu ko ki haƙura sai gobe. Idan ya yi gurnani kada ki tsawata masa, domin gurnani gargaɗi ne, kuma karen da aka hana gargaɗi shi ne yake cizo ba sanarwa. Kare mafi haƙuri ma yana iya kai baki idan aka danna masa gaɓa mai ciwo, don haka ki nisanta fuskarki da tasa, kada kuma a bar yara su yi wannan aikin su kaɗai.

Shafar da'ira ta TTouch ba tausa ba ce, domin ba tsoka ake murzawa ba, fata ake motsawa. Ki ɗan lanƙwasa yatsunki, ki ɗora kawunansu a jikinsa, ki ƙaddara akwai fuskar agogo ƙarama a ƙarƙashinsu, ki fara daga ƙarfe shida, ki tura fatar ta zaga da'ira guda cikakkiya, ki zarce zuwa ƙarfe tara, ki ɗan dakata, ki saki, sannan ki matsa gaba kaɗan ki sake. Yatsun ba sa zamewa a kan gashi, suna tafiya ne tare da fatar. Nauyin hannun kuwa, ki gwada a kan fatar idonki a rufe, gwargwadon abin da ya isa ya motsa fatar ba tare da kin ji an danna ƙwayar idon ba, to daga nan ake farawa. Ni a ganina babu wani sirri a cikin da'ira da kwata, amfaninta shi ne tana tilasta wa mai shafar ya rage sauri ya kuma tattara hankalinsa wuri guda, kuma wannan kaɗai ya isa dalilin koyonta.

Kunne wuri ne da karnuka da yawa suke so. Ki tallafi kansa da hannu ɗaya, ki riƙe gindin kunnen tsakanin babban yatsa da manuniya, ki zame a hankali har zuwa tsini, ki sake daga wani layin har ki gama faɗin kunnen, ba ja ba murɗawa. Idan kunnen yana wari, yana fitar da ruwa, ko yana yawan kaɗa kai, ki bar shi sai an duba. Ga kare irin naki kuma akwai wani wuri da ake mantawa, wato wuya da kafaɗu. Lafiyayyen kare yana ɗora kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, wanda ƙugunsa yake ciwo kuwa yana ƙara tura nauyi gaba, sai tsokar kafaɗa da ta wuya su ɗaure tamau. Sau da yawa nan ne nake ganin kare ya fi narkewa, tun ban je kusa da ƙugun ba. Idan kin kai ga cinyoyin baya bayan kwanaki, ki ɗora tafin hannu a kan tsokar, ki ɗaga fatar sama kaɗan, ki riƙe daƙiƙa huɗu, ki sauke a hankali fiye da yadda kika ɗaga. Lanƙwasa gaɓa da miƙe ta da hannu yana da amfani, amma sai likita ya nuna miki iyakar da za ki tsaya a jikin wannan karen.

Akwai wuraren da hannu ba ya zuwa: rauni, gyambo, ɗinki, gaɓar da ta kumbura ta yi zafi, da kowane irin ƙari ko kullutu da ba a gwada ba. Wani nau'in ciwon daji na fata da ya yawaita a karnuka yana ɗauke da histamin, sinadarin da ke jawo kumburi da ƙaiƙayi, kuma murza shi yana sa ya kumbura ya yi ja nan take, wani lokaci har da amai. Haka nan ba a shafa kare mai zazzaɓi, wato wanda zafin jikinsa ya haura 39.5 a ma'aunin Salshiyas, tunda na lafiyayye yana tsakanin 38 da 39.2. Kada ki sa kowane irin mai ko turare a hannu, musamman man ganyen da ake sayarwa don ƙamshi, wasunsu guba ne ga kare. Minti biyar zuwa goma sau ɗaya ko biyu a rana ya wadatar, ki kuma wanke hannu kafin da bayan.

Wani amfanin da ban ga ana faɗa sosai ba shi ne hannun da yake bin jikin kare kullum yana zama na'urar bincike. Ke ce za ki fara jin cinya ɗaya ta fi ɗaya rama, ko ƙasusuwan baya sun fara fitowa, ko wani kullutu ya tsiro a hammata, ko kaska ta maƙale a tsakanin yatsu. Ga mai ciwon ƙoda ki riƙa ɗaga fatar da ke tsakanin kafaɗunsa ki saki, idan ta yi jinkirin komawa kuma dasashinsa ya bushe yana danƙo, ruwan jikinsa ya yi ƙasa, ki sanar da likita a ranar.

Naɗin bandeji

Bandejin da ake nufi shi ne mai talewa irin wanda ake ɗaure targaɗe da shi, mai faɗin santimita 7.5 zuwa 10 ga babban kare, santimita 5 ga ƙarami, ba mai manne wa gashi ba, kuma a cire 'yan ƙarafunan da suke zuwa da shi, kada ya haɗiye. Ranar farko ki bari ya shinshina shi, ki ɗora shi a kan kafaɗarsa kawai na ɗan lokaci ki ɗauke. Naɗin da ya dace a fara da shi shi ne na rabin jiki. Kare yana tsaye, sai ki sa tsakiyar bandejin a gaban ƙirjinsa, ƙasa da maƙogwaro sosai, ki ɗago bakunan biyu su gitta juna a saman kafaɗu, ki saukar da su ta bayan ƙafafun gaba su sake gittawa a ƙarƙashin ciki, ki ɗago su ki ƙulla a baya, ƙullin yana gefe, ba a kan ƙashin baya ba. Tunda namiji ne, ki tabbata gittawar ƙasa ta tsaya gaba da al'aurarsa. Tafin hannunki gaba ɗaya ya riƙa shiga ƙarƙashin bandejin a ko'ina ba tare da tursasawa ba.

Ki bar shi minti biyu ko uku a karon farko, ki ƙara a hankali har zuwa kamar minti 20, kuma ki sa shi ya ɗan taka da shi a ƙasa marar santsi, domin a cikin motsi ne naɗin yake tunatar da kare inda jikinsa yake. Akwai naɗin jiki duka, wanda yake zagayawa ta bayan cinyoyi, ana amfani da shi ga karnukan da suke jan ƙafafun baya, amma ga wanda ƙugunsa yake ciwo ban cika son a fara da shi ba, don yana iya harɗe shi ya faɗi. Ba a barin kare da bandeji ba mai kallonsa, ba a kuma barinsa ya kwana da shi, ko da kuwa daren ne matsalarki. Bandeji yana zamewa ya koma wuya ko ya naɗe ƙafa ya tsayar da jini, kare kuma yana iya taunawa ya haɗiye guntu ya toshe masa hanji. Abin da ya fi shi ne a yi naɗin da shafar kafin lokacin barci, a cire, sannan a kwanta.

Kare ba ya gumi ta jiki kamar mutum, da haki yake fitar da zafi, don haka duk abin da ya rage buɗewar haƙarƙari ko ya ƙara masa ɗumi yana iya jefa shi cikin wahala. Ba na naɗa wa kare mai ciwon zuciya ko na huhu, ko mai tari, ko wanda ruwa ya taru masa a ciki, ko mai ciwon fata a inda bandejin zai bi, haka kuma ina ƙara taka-tsantsan da masu gajeren hanci irin buldog. Idan an yi wa karenki ƙarin ruwa a ƙarƙashin fata saboda ƙodar, ki jira kumburin ruwan ya baje kafin ki ɗora komai a wurin. A lokacin zafi kuwa gara a bar naɗin gaba ɗaya.

Na taɓa yin kuskure a nan, kuma shi ya canja yadda nake koyar da abin. Wata tsohuwar karya ce mai yawan zagaye, na naɗa mata bandeji sai ta tsaya cak, ni da mai ita muka yi murna muna cewa ta natsu. Da na duba da kyau sai na ga wutsiya a matse, kunnuwa a baya, ko ƙifta ido ba ta yi, kuma da na miƙa mata abin da take so ta ƙi karɓa. Tsoro ne ya daskarar da ita. Ina cirewa ta girgiza jiki ta tafi lungu. Tun daga ranar ma'aunina shi ne karen da naɗi ya karɓe shi zai iya tafiya, ya shinshina ƙasa, ya ci abu, ya kwanta da kansa, wanda kuwa ya tsaya kamar gunki, a cire masa. Idan kin gwada sau uku ko huɗu a ranaku daban-daban bai sake ba, ki ajiye bandejin ki riƙe shafar, ba ki yi asarar komai ba.

Shimfiɗa da ƙasa

Wani lokaci gyaran makwanci yana kawo barcin da shafa ba ta kawo ba. A ba shi katifa mai kauri wadda gwiwar hannunsa da ƙashin ƙugunsa ba sa nutsewa su taɓa ƙasa, a shimfiɗa abin da zai hana santsi daga makwancin zuwa ƙofa, a yanke masa farce idan sun yi tsawo, a ajiye ruwa kusa da shi dare da rana, domin ba a taƙaita wa mai ciwon ƙoda ruwa don a rage fitsarin dare. Tawul mai ɗumi a kan ƙugu na minti 10 kafin shafa yana sassauta tsoka, bayan kin gwada ɗumin a cikin wuyan hannunki. Idan ya kai ga ba ya iya juyawa da kansa, a riƙa juya shi kowace awa huɗu don kada gyambon kwanciya ya fito.

Yadda za ki gane ko yana amfani

Saboda ruɗin idon da na ambata, ki samu littafi ki riƙa rubuta abubuwa ƙalilan da ake iya ƙirgawa: sau nawa ya tashi a dare, daƙiƙa nawa yake ɗauka kafin ya miƙe, ya cinye abincinsa ko ya rage, ya yi amai ko bai yi ba. Ki fara rubutun mako guda kafin ki soma shafar, kada kuma ki soma ta a makon da aka canja magani, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba. Ki ƙara da ƙirga numfashinsa yana barci, ɗagawar ƙirji da saukarsa a matsayin ɗaya, na daƙiƙa 30 ki ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti shi ne daidai, idan kuwa yana haura haka dare bayan dare, a duba zuciyarsa da huhunsa kafin a sake naɗa masa komai.

Akwai ma'aunin jin daɗin rayuwa da likitar ciwon dajin dabbobi Alice Villalobos ta fitar a 2004, wanda yake ba da maki har 10 ga abubuwa bakwai, wato raɗaɗi, ci, sha, tsabta, walwala, motsi, da ko ranakun daɗi sun fi na wahala yawa, kuma jimlar da ta haura 35 ake ɗauka a matsayin rayuwar da za a ci gaba da jinya a kanta. Ki riƙa cika shi sau ɗaya a mako, ki tafi da shi da littafinki duk ranar da za ku ga likita. Idan kuwa ya daina cin abinci fiye da kwana guda, ko yana amai a jere, ko dasashinsa ya yi fari ko shuɗi, ko fitsari ya tsaya, ko ƙafafun baya suka mutu farat ɗaya, ko cikinsa ya kumbura yana yunƙurin amai ba abin da ke fita, kada ki tsaya shafa ko naɗi, ki kai shi asibiti a wannan lokacin ko da tsakar dare ne.